Filin Tambaya da Amsa: Falo tayil, ɗaki kafet, wane injin shara zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema, mun tare a sabon gida nan Hotoro, falo da kicin tayil ne, ɗakina da na maigida kafet ne bango zuwa bango, ɗakin yara leda, sai wata ƙatuwar darduma mai gashi a tsakiyar falo wadda aka sa min a kayan ɗaki. Wlh ƙura ta ishe ni, a share a goge da safe kafin la'asar kamar ba a taɓa ba, ga ƙaramin yarona yana da asma, da an ɗaga tsintsiya sai tari. Maigida ya ce in zaɓi injin shara ya biya, na leƙa Sabon Gari wani mai shago ya ce in ɗau mai wat 2000 shi ne mai ƙarfi, ƙawata ta ce mai caji irin na sanda ya fi, yayana da ke Amurka kuma ya ce in bari zai aiko min da nashi. Ni dai kaina ya kulle. Wuta kuma kin san halinta, ƙaramin janareta ne da mu.
Daga wata uwargida, Hotoro

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya ba yaro lafiya.

Bari mu fara sallamar Yaya. Ki yi masa godiya sosai amma ki ce ya bar abinsa, in yana son yin zumunci ya turo kuɗin. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kina jona injin can a soket ɗinmu da ɗan adaftan nan na kasuwa za ki ji ƙauri, shikenan ya tafi. Eh akwai tiransifoma mai rage wuta, amma wadda za ta ɗauki injin da ke jan wat 1400 ba ƙarama ba ce, nauyi gare ta, kuma ke za ki riƙa jan ta ɗaki ɗaki. Na Ingila da na Dubai ba su da wannan matsalar, wutarsu ɗaya da tamu, har filogin mai baki uku iri ɗaya ne. Ko gwanjo za ki saya ki kifa shi ki duba takardar da ke manne a ƙasansa, in kin ga 220 zuwa 240 toh namu ne, in kin ga 110 ko 120 ki ajiye musu kayansu ko da kyauta ne.

Shi kuma mai shagon Sabon Gari ba wai ƙarya ya yi miki da gangan ba, haka kowa ya ɗauka. Amma wat ɗin nan da ake rubutawa ɓaro ɓaro a jikin kwali lissafin wutar da injin ke sha ne, ba ƙarfin zuƙarsa ba. Tarayyar Turai tun 2014 ta hana sayar da sabon injin shara na gida da ya wuce wat 1600, a 2017 suka sake rage shi zuwa 900, kuma gidajensu ba su daina tsafta ba, kamfanoni ne suka koma gyara moto da hanyar iska. Wani injin shara na Ingila mai fuskar dariya da ake kira Henry wat 620 yake sha, ga shi har a ofisoshi da otel ake aiki da shi. Ke kuma ƙaramin janareta irin wanda kowa ya sani bai cika kaiwa wat 1000 ba, sannan moto lokacin tashi yana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta, toh kinga mai 2000 kina kunnawa janaretan zai yi tari ya mutu, in ma ba a yi sa'a ba a kira mai gyara. Haka in inbata ce.

Abin da ya kamata ki tsare mai shago a kai shi ne bakin injin, wato kan da ke taɓa ƙasa, nan gizo ke saƙa a gida irin naki. Kafet yana son burushi mai juyawa, saboda yashi da ƙura can ƙasan zaren suke kwanciya, sai an kaɗa su sun taso sannan iska ta ja su. Amma wannan burushin dai in kika hau tayil da shi watsa yashin zai yi ta yi, kina turawa gaba yana feso miki a ƙafa, a kan leda kuma da yashi a tsakani sannu a hankali zai dushe mata ƙyalli ya bar zane zane. Saboda haka duk injin da burushinsa ba ya kashuwa kuma ba a canja masa kai, ba na gidanki ba ne komai kyansa. Ni wanda nake ba mutane shawara shi ne mai tulu, wanda ake ja a baya da tiyo da dogon bututu, domin yawanci yana zuwa da kai mai ɗan maɓalli da ake takawa da ƙafa, kin taka gashin burushi ya sauko ki yi tayil da leda, kin sake takawa ya shige ciki ki hau kafet. Ki ƙara da kai na biyu mai juyawa na kafet zalla tunda ɗakuna biyu ne cur, in babu shi a kwalin ki tambaya ko suna sayarwa daban, kuma ki gwada ya shiga bututun a gabanki dan ba duka baki ɗaya gare su ba.

Sai wurin rage ƙarfi, ko na murɗawa a jikin injin ko ɗan taga a hannun tiyo da ake buɗewa iska ta ragu. Mutane na raina shi, amma ledar ɗakin yara in shimfiɗa ta kawai aka yi ba a manna da gam ba, injin na cikakken ƙarfi zai cafke ta ya ɗaga, wata rana har ta yage daga gefe, haka sallaya da labule. Dardumar kayan ɗakin nan kuwa dan Allah kar ki kusanto ta da kai mai juyawa, zai naɗe gashinta da jelar bakinta ya tsittsinke, bakin injin da kike yin tayil da shi za ki sa mata a rage ƙarfi a bi ta a hankali. Kuma gidan da ake kitso da ɗinki sai an riƙa sa almakashi ana yanke gashi da zaren da suka naɗe burushi, in ba haka ba zai tsaya cak ki ɗauka lalacewa ya yi.

Yanzu batun yaro, wanda a wurina ya fi duk sauran. Ƙurar hunturu da ke rufe Kano daga wajen Nuwamba zuwa Maris, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke ɗebo ta, laushi gare ta kamar hoda, injin mai araha zai zuƙe ta ta gaba ya huro ta ta baya, kin yi aikin banza kenan har gara tsintsiya da yayyafin ruwa. Ki nemi mai filta HEPA, ita ce aka yi ta riƙe kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da suka kai ƙanƙantar maikiron 0.3, abin da ido ba ya gani sam. Amma ki buɗe murfin ki ga filtar da idonki, ki duba akwai roba zagaye da ita da ta toshe gefe, dan filta mai kyau a jikin da ke yoyon iska ba ta da amfani. Injin mai jakar tara ƙura a ciki ya fi dacewa da mai asma saboda cirewa kawai za a yi a rufe a jefar, matsalar ita ce samun jakar a nan garin, shi ya sa nake cewa ki sayi fakiti biyu uku tun ranar farko, in mai shago ya fara cewa za a kawo wani satin toh ki koma kan mara jaka. Shi kuma a tsakar gida za a juye shi cikin leda, yaron yana makaranta, a wanke filtar in mai wankuwa ce a bar ta kwana guda ta bushe ƙarau kafin a mayar.

Ƙawarki ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, mai caji akwai daɗin aiki, ba waya ba jiran wuta, ko da sola ya cika. Sai dai mintin 40 ko 60 da suke rubutawa na ƙaramin ƙarfi ne, kin sa shi a babba dan kafet da ƙyar ya wuce minti 10, mazubinsa ɗan mitsitsi, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana cin batir, batirin kuma tsada ga wuyar samu. In kuɗi ya ragu ki saye shi na biyu dan burbushin biskit ɗin yara. Ɗan injin nan mai yawo yana shara da kansa kuwa gsky ban ga abin da zai yi miki da dardumar nan da dokin ƙofa ba.

Toh ki je da wannan: mai tulu, mai waya doguwa, wat 600 zuwa 900, kai biyu, wurin rage ƙarfi, filta HEPA. Ki ƙulla ɗan yashi a leda da guntun kafet ki tafi da su, ki zuba a ƙasan shagon a jona a gwada a gabanki, kar ki ji kunya kuɗinku ne. Ki tambayi tiyo da filta na canji, dan su ke fara mutuwa. Kafet sau biyu a sati ya isa, ki daidaita da lokacin da aka kawo wuta, tayil kuma bayan injin sai an bi da mofa mai ɗan danshi, injin ba ya cire tabon miya.

TAMBAYA: Salam Hajiya. Ni magidanci ne a Fagge, muna da injin shara, iyalina tana zuƙe tokar turaren wuta da shi, da damina kuma in ruwa ya shigo falo ta ƙasan ƙofa tana so ta gwada. Na hana amma ta ce ƙorafi ne kawai. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikas salam Malam, wannan karon kai ne, amma a faɗa mata da lallashi. Tokar kasko tana iya ɓoye garwashi mai rai ko da sama ta yi fari, iskar injin kuma hura shi za ta yi a cikin tarin gashi da auduga, gobara kenan, ko ta huce ma laushinta na toshe filta nan da nan. A bar ta ta kwana a kwashe da abin kwasar shara. Ruwa kuma in injin na busasshiyar shara ne zai shiga moto ya ƙone shi, kuma yana iya jan mai riƙe da shi. Akwai irin mai ganga da aka yi dan jiƙa da bushewa duka, kamfanin Kärcher na yin su da wasu kamfanoni, za ka ga an rubuta a jiki, shi ma sai an cire jakar takarda kafin a sa shi a ruwa. In naku ba irinsa ba ne a sa tsumma da bokiti, ƙasan ƙofar kuma a kira kafinta ya buga masa roba kafin Yuli.