Da gaske an harbi matuƙin jirgi a ka kuma ya kai kansa gida?

Tambaya: Malam, na ji labarin wani matuƙin jirgin yaƙi ɗan Japan da aka harba a ka amma ya tuƙa jirginsa har gida. Gaskiya ne ko dai gishiri aka ƙara?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa. Sunansa Saburo Sakai, sojan ruwan Japan mai tuƙa jirgin Zero a yaƙin duniya na biyu. Ranar 7 ga Agusta 1942 shi da abokan aikinsa suka tashi daga sansaninsu na Rabaul (a Papua New Guinea ta yau) zuwa tsibirin Guadalcanal a tekun Pasifik inda Amurkawa suka sauke sojoji da safiyar ranar, tafiyar kusan kilomita 1,000, kusan duk a kan teku. Can ya hango wasu jirage ya zaci Wildcat ne, jirgin yaƙin Amurka mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda in ka lallaɓo masa ta baya ba yadda zai yi da kai, ashe Dauntless ne, jiragen Amurka masu jefa bam, kowanne da mai bindiga zaune a baya yana jiransa. Suka buɗe masa wuta, gilashi ya tarwatse masa a fuska, harsashi ya same shi a ka, idon dama ya daina gani, ɓarin hagu ya ƙi motsi.

Toh a haka ya juyo. Ya cusa ƙyallen wuyansa na siliki ƙarƙashin hula don tsai da jini, barci na fizgarsa, wani lokacin sai ya farga jirgin a kife yake tafiya, har dukan ciwon yake da hannu don zafin ya farkar da shi. Awa 4 da minti 47 kafin ya sauka Rabaul. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da masu ba da labarin ke tsallakewa shine batun man jirgi. Tun 1941 a Taiwan aka horar da su tsimin mai, a rage gudun inji a bi a hankali, don su kai hari Filifin su dawo, kuma Sakai gwani ne a nan, hannunsa ya riga ya saba ko da kai bai tare da shi. Shi kuma Zero ba sulke aka sa masa ba, shi ya sa ba nauyi kuma yake cin dogon zango, amma matuƙi ba shi da kariya.

Da ya sauka sai da ya ba shugabansa rahoto kafin ya yarda a kai shi wajen likita. A Japan aka yi masa aiki ba allurar kashe zafi, idon bai dawo daidai ba, duk da haka a 1944 ya koma fagen daga a tsibirin Iwo Jima. Ya rasu a 2000 yana da shekara 84, bayan wata liyafa da sojan ruwan Amurka suka gayyace shi a sansanin Atsugi da ke Japan.