Amsa ga ɗalibina kan atisayen jifa da kammala hari a ƙarƙashin kwando

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce an damƙa maka yara 14 masu koyon ƙwallon kwando, 'yan ƙasa da shekara 16, kuma ga tambayarka kamar yadda ka rubuta ta: "Malam, wane atisaye zan ba su domin jifansu ya riƙa shiga, su kuma daina zubar da ƙwallo a ƙarƙashin kwando? Yawancinsu jifan maki uku suke so, shin in bar su su fara daga can?"

Da rabin farko na tambayar kaɗai ka aiko, da na ce ka koma ka tuna abin da idonka ya gani a shekara ukun da ka yi kana ɗaukar mini jakar ƙwallaye. Rabi na biyun ne ya zaunar da ni na ɗauki alƙalami, domin ya fama mini wani miki da har yau bai warke ba. Ba zan ɓata takarda wajen gaya maka yadda ake riƙe ƙwallo, ko inda gwiwar hannu take zama, ko yadda ake sakin wuyan hannu ba, domin wanda bai san waɗannan ba bai cancanci a rataya masa usur a wuya ba.

A zamanin da layin maki uku yake mita 6.25 daga kwando, kafin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta mayar da shi 6.75 a shekarar 2010, ina da wani yaro wanda ban taɓa horar da mai hannu irin nasa ba, kuma ban sake samun irinsa ba. Dogo ne, siriri, ɗan shekara 16, idan ya saki ƙwallo sai ka ji raga ta yi ƙara ɗaya tak ba tare da zobe ya motsa ba. Wannan baiwa ce daga Allah, ban koya masa ita ba. Abin da ya rage a kaina shi ne in ba shi abin da ba a haife shi da shi ba, wato hannun hagu da jifa a cikin gajiya. Na fara kuwa. Kullum bayan la'asar nakan tsayar da shi a ƙarƙashin kwando ya yi ta ɗora ƙwallo a allo, dama da hagu, yana yi yana ɓata rai saboda abokansa suna can nesa suna gasar jifa.

Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai hali. Filinmu na siminti ne, ya tsattsage, akwai wani rami kusa da layin jifan kyauta wanda ya gurɗa ƙafar yara biyu a damina ɗaya, allon kuma katako ne da ruwa ya cinye gefensa. Alhajin ya zo da kansa, ya zagaya filin, ya ce a gaban mutane zai zuba sabon siminti, ya sa alluna sababbi, ya sayo ƙwallaye goma, kuma duk abin da na kashe na mota da abinci a gasar da ke tafe in rubuta, zai biya ni. Bai ambaci sharaɗi ko ɗaya ba, akwai shaidu. Wata rana ya tarar da ɗansa a ƙarƙashin kwando yana fama da hannun hagu, ƙwallo tana kuɓuce masa, ƙananan yara suna dariya. Ya kira ni gefe ya ce ɗansa ba bahago ba ne, a gidansu ba a karɓa ba a bayarwa da hagu, kuma bai kawo yaronsa don a sa shi aikin 'yan koyo ba alhali kowa ya san shi ne ya fi kowa jifa a unguwar. Na san maganar ba ta da tushe, domin ladabin cin abinci da gaisuwa daban, wasa daban. Amma na dubi ramin nan na siminti, na tuna yaran da suka gurɗe, sai na yi shiru. Daga ranar na bar yaron ya koma bayan layi yana yin abin da ya riga ya iya. Wannan shirun shi ne kuskure mafi tsada da na yi a aikin nan.

Mun kai wasan ƙarshe, kuma hannun yaron ne ya kai mu. Kocin da za mu kara da shi tsoho ne mai ido, na gan shi zaune a saman benci ranar wasan kusa da na ƙarshe, bai ce wa kowa uffan ba. Da aka fara wasa sai na ga abin da ya hango. Mai tsaron da ya sa wa yarona ya tsaya kacokan a ɓangaren damansa, ya buɗe masa hagu kamar ƙofar gari, yana gayyatarsa ya wuce. Yaron ya ƙi wucewa. Ya yi ta ja da baya yana neman jifa da hannu a fuskarsa, yana zagaya fili don ya sami sarari, kafin zango na huɗu ƙafafunsa sun mutu. Duk da haka sauran yaran suka riƙe wasan da tsaro, har muka zo saura daƙiƙa tara ana gabanmu da maki ɗaya. Ƙaraminmu ya fizge ƙwallo a tsakiyar fili ya cilla wa yarona ita a ɓangaren hagu, babu kowa tsakaninsa da kwando, mai tsaro ɗaya ne yake biye da shi ta damansa, taku biyu a baya. Yaro ɗan shekara 12 da ya yi wata uku a hannuna zai tashi da ƙafar dama, ya ɗora ta da hagu a kusurwar akwatin allo, jikinsa ya shiga tsakanin ƙwallo da mai tsaro, a tashi wasa. Shi kuwa da ya tashi sama sai ya mayar da ƙwallon hannun dama, wato ya miƙa ta daidai inda mai tsaron yake. Aka doke masa hannu, ƙwallon ta bugi ƙasan zobe, alƙalin wasa ya busa jifan kyauta biyu.

Har yau ina ganinsa tsaye a kan layin, mita 4.6 daga allo, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, rigarsa ta manne a bayansa, yana goge tafin hannu a wando. Yaron da yake zura ashirin a jere da yamma yana hira. Ta farko ta gaza, ta daki bakin zobe na gaba, domin babu ƙafa a cikinta. Ta biyu ya ƙara ƙarfi da kafaɗa don ya rama, ta wuce ta daki bayan zobe ta dawo hannunsu. Bai taɓa yin jifan kyauta yana haki ba sai a wannan ranar, kuma laifin wannan nawa ne.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Na kai wa Alhajin takardar kuɗin mota da abinci da masauki, ya dube ta ya ce ai alƙawarinsa na kofi ne, tunda ba a kawo kofi ba babu magana. Kuɗin kuwa rance na ci, sai da na sayar da babur ɗina na biya, na yi kusan shekara biyu ina zuwa fili a ƙafa. Bai tsaya nan ba, ya ɗauke ɗansa ya kai shi wata ƙungiya, ya riƙa gaya wa mutane cewa ni na kashe wa yaron hannu. Shi da ya hana a koya masa hagun! Ramin simintin nan da kake tsallakewa kullum shi ne dai, ni na cike shi da hannuna da rabin buhu.

To, ga amsar tambayarka: kada ka bar su su fara daga nesa. Yaron da ƙarfinsa bai kai ba idan ya tsaya a mita 6.75 wurgi yake yi daga ƙugu ko ƙirji, kuma jikinsa zai haddace wurgin nan, ka kwashe shekaru kana kankarewa. Na san abin da za su ce maka, za su zaro waya su nuna maka Stephen Curry, gwanin jifan nesa na Amurka. Yaran yanzu sun san sunan takalmin kowane ɗan wasan Amurka, sun san rawar da yake yi bayan ya zura ƙwallo, amma ba su san cewa mahaifinsa Dell Curry ya rushe masa jifansa yana makarantar sakandare, ya sa shi ya shafe hutu guda yana jifa daga kusa da kwando kafin ya bar shi ya koma nesa ba. Mutumin da ya karya tarihin Ray Allen na yawan jifan maki uku a NBA, babbar gasar Amurka, a Disambar 2021 daga gindin kwando aka sake gina shi. Su kuwa namu so suke a ɗauke su bidiyo tun ba su yi gumi ba, kuma idan ka tsawata sai a ce ka cika zafi.

Ka fara kowace rana da atisayen Mikan. George Mikan ne ya yi suna da shi a hannun kocinsa Ray Meyer a jami'ar DePaul ta Chicago a shekarun 1940, kuma har yau ba a ƙirƙiro wanda ya fi shi ba. Yaro ya tsaya a ƙarƙashin kwando, ya ɗora da dama a ɓangaren dama, ya cafke ta tana fitowa daga raga ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ya taka ya ɗora da hagu a ɓangaren hagu. Abin da za ka sa wa ido shi ne kada ƙwallon ta sauko ƙasa da haɓarsa, domin duk ƙwallon da ta sauko ciki rabon gajeren mai tsaro ce. Ka ƙirga waɗanda suka shiga kawai, ashirin a kowane hannu, wadda ta kuskure ba ta cikin lissafi. Idan sun saba, ka juya su su ba layin ƙarshe baya su yi ta ɗorawa ta bayan kai, a nan ne za su gane cewa zoben kansa garkuwa ne tsakaninsu da dogon mai tsaro. Duk uban da ya zo maka da maganar hagu, ka gaishe shi da ladabi, ka ba shi kujera, ka ci gaba da aikinka.

Kammala hari ba ya koyuwa a fili babu kowa, saboda haka ka nemo guntun tsohuwar katifa, ka naɗe ta a hannunka, ka tsaya a gindin kwando, duk yaron da ya taso ka ture shi da ita a kafaɗa yana sama. Za ka ga wasu suna rufe ido, wasu suna juya fuska, wasu suna sakin ƙwallo da wuri don su tsere wa karo. Waɗannan su ne masu zubar maka da ƙwallo a wasa. Ka koya musu su dira da ƙafa biyu a lokaci ɗaya, su yi barazanar tashi, su jira mai tsaro ya tashi, sannan su hau. Hakeem Olajuwon, wanda ƙungiyar Houston ta Amurka ta ɗauka a matsayin na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 kuma ya ci mata kofi a 1994 da 1995, mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa a Legas kafin ya taɓa ƙwallon kwando, kuma da ƙafa ya gagari manyan Amurka a gindin kwando. Yaranmu sun taso suna tamaula a lungu, ƙafar tana nan, mai sarrafa ta suka rasa.

Jifa kuma, taku ɗaya daga zobe, da hannu ɗaya. Faɗin zobe santimita 45 ne, ƙwallon manya kusan 24, akwai wuri isasshe ga ƙwallon da ta sauko daga sama, amma wadda ta zo a miƙe kamar jifan dutse ƙofar ƙuntace mata take yi. Yaro ba zai ja baya taku ɗaya ba sai ya zura biyar a jere ba tare da ta taɓa ƙarfe ba. Inda ka ga gwiwar hannunsa ta fara buɗewa ko yana faɗawa gaba bayan ya saki, nan ne iyakarsa a wannan watan, ka shata masa da alli. Bayan haka a riƙa miƙo masa ƙwallo yana gudu, ya kafa ƙafa kafin ta iso hannunsa, wani kuma ya taho masa da hannu a sama. A lokacin hunturu iska za ta riƙa karkatar da jifa a filin waje, ƙura kuma ta sa ƙwallon roba santsi, kada ka bar yaro ya canza hannunsa don ya yi faɗa da iska, ka matso da su kusa, ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefen fili.

Jifan kyauta kuwa, na haramta maka layin nan da ake yi a ƙarshen horo, yara suna jira suna hira kowa yana jefa goma. A cikin wasa yawanci jifa biyu ake ba ka, a tsakiyar haki, kuma dokar FIBA daƙiƙa biyar ta ba ka bayan alƙali ya miƙa maka ƙwallo. Ka sa su gudun layi zuwa layi har sai ka ga sun dafa gwiwa, ka busa usur, ka kira suna ɗaya, musamman wanda ya fi kowa jin kansa. Ya jefa biyu, sauran su tsaya a gefe suna ihu. Idan ya zubar da ɗaya, duka ƙungiyar ta sake gudu, shi ma ya sake jefawa. Ka yi haka sau huɗu ko biyar a warwatse cikin horo, ba tare da sun san lokacin da zai zo ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ka kawo mini su duka 14 ɗin, ka taho da katifar da alli. Kada ka gaya mini wanda ya fi jifa a cikinsu, zan gane shi da kaina daga yadda zai nufi layin maki uku yana shigowa fili, kuma da shi zan fara a gindin kwando, ta ɓangaren hagu.