Amsa: Ko 'yan ta'adda za su iya ƙwace makamin nukiliya?

Malam, ka tambaya daga Gusau ko masu tsattsauran ra'ayi za su iya ƙwace makamin nukiliya kamar yadda 'yan bindiga ke kwashe bindigogi a sansanin tsaro. Tambayar tana kan hanya, kuma Pakistan ce ta fi fuskantar wannan barazana.

A watan Afrilun 2009 'yan Taliban suka gangaro daga yankin Swat na Pakistan suka shiga gundumar Buner, kimanin kilomita 100 daga Islamabad, babban birnin ƙasar. Hankalin duniya ya tashi. Cikin makonni sojoji suka far musu, suka fatattake su daga Swat. Amma ainihin tsaron makaman nukiliyar ƙasar yana hannun wata hukuma ta musamman da aka kafa a 2000, wadda Janar Khalid Kidwai ya jagoranta har 2013. Tana da dubban dakaru nata na kanta. Masana da dama na ganin cewa kan bom ɗin ana ajiye shi daban da makamin da zai ɗauke shi, kuma mutum ɗaya ba ya iya ba da izinin harbawa.

Ni dai abin da ke tayar min da hankali shi ne haɗin bakin ma'aikacin cikin gida. Mu nan Zamfara mun san ɓarnar infoma: shi ke nuna ƙofa, shi ke faɗin lokacin da masu gadi suka ragu. Shi ya sa Pakistan ke bincikar ma'aikatan wuraren nukiliyarta, har dangoginsu da abokan hulɗarsu.

Nijeriya ba ta da irin wannan makami. Yuraniyam mai ƙarfi, wato irin sinadarin da ake haɗa bom ɗin nukiliya da shi, wanda a da yake cikin na'urar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, an mayar da shi China a 2018.