Malamina ya turo min maƙala, ni ne editan mujallar: ya zan yi?

Malam, na karanta tambayarka: an ba ka editan mujallar tsangayarku a nan Jos, sai ga farfesan da ya duba maka digiri na biyu ya turo maƙala, yana so ta fito kafin zaman ƙarin girma.

Ka cire hannunka daga maƙalar nan tun yau. Ka miƙa wa mataimakinka, shi zai zaɓi masu bita biyu daga wata jami'a, a goge sunan marubuci kafin a tura musu. Ƙa'idar COPE ke nan, ƙungiyar da editoci suka kafa a Ingila a 1997: duk inda akwai alaƙa, edita ya janye.

Na san nauyin da kake ji. Ni ma an taɓa ajiye min ambulan a kan tebur, mai shi yana murmushi yana cewa "kuɗin mai ne". Na mayar masa, ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata. Daga baya fushin ya wuce.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne wanda ba ya wucewa: ɓarnar maƙala marar inganci idan an buga ta. A 1998 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken wani likita, Andrew Wakefield, da ya danganta rigakafin ƙyanda da galahanga (autism). Sai 2010 aka janye shi, bayan iyaye da yawa sun guje wa allurar, yara sun kamu.

Ka je gidan Farfesa da kanka, ka gaishe shi, ka ce: "Ranka ya daɗe, don kare mutuncinka na miƙa wa wani." Sannan ka adana wasiƙun masu bitar, da ranar da kowacce ta iso.