Yadda makamai suke isa hannun mujahidan Afganistan

Ɗan'uwa, ka tambaya ta ina mujahidan Afganistan suka samu makaman yaƙar Tarayyar Sobiyat bayan mamayar Disambar 1979.

Kuɗin na Amurka ne ta hannun hukumar leƙen asirinta, CIA, Saudiyya kuma tana zuba kwatankwacin abin da Amurka ta bayar. Da farko ba makaman Amurka ake kaiwa ba. Bindigogin Kalashnikov da rokoki irin na Sobiyat ake sayowa daga Masar da Sin, don kada a gane mai hannu a ciki. Jiragen ruwa su sauke a Karachi, daga nan hukumar leƙen asirin Pakistan, ISI, ta karɓi ragama. Ita ke tara kayan a rumbuna irin na Ojhri da ke Rawalpindi, ta tura Peshawar da Kwetta, sannan alfadarai su haura duwatsu da su.

Wajen rabo ne aka samu matsala. Jam'iyyun mujahidai bakwai masu mazauni a Peshawar ISI ke bai wa, kuma kaso mafi tsoka na Gulbuddin Hekmatyar ne, shugaban ɗaya daga cikinsu. Ahmad Shah Massoud, wanda ya hana sojojin Sobiyat sakat a kwarin Panjshir, ɗan kaɗan yake samu, kuma wannan son kai ne ƙarara. Wani kason ma a kasuwar bayan fage yake ƙarewa.

Makamin Stinger na Amurka, mai kakkaɓo jirage, bai shiga fagen daga ba sai Satumban 1986, shi ya tilasta wa jirage masu saukar ungulu samfurin Mi-24 na Sobiyat canza salon shawaginsu. Sojojin Sobiyat sun gama ficewa ranar 15 ga Fabrairun 1989. Daga 1992 ƙungiyoyin suka juya makaman kan juna a Kabul.