Na fita daga gurup ɗin dangin miji, an ce girman kai gare ni

Anti barka da warhaka. Ni matar aure ce nan Maradi unguwar Zariya, ina saida atamfa da turaren wuta ta status na WhatsApp. Wallahi Anti waya ta ishe ni, gurup na adashe, na 'yan lakwal ɗinmu, na Islamiyya, na ankon bikin da anka gama tun bara amma har yau ba a rufe ba, ga na dangin maigida wanda shi ne ciwon kan. Kafin asuba vokal sun taru, ki buɗe ki saurara har ƙarshe ashe an tashi lafiya ce kawai, sai bidiyon hatsari hanyar Dan Issa, sai maganin hawan jini, sai a ce ɓarayi sun shiga wani ƙauye wajen Madarunfa, ni ma dai in na gani ina turawa gaba kar a ce na ji ban faɗa ba. Forfen intanet da na sa don ciniki nan yake ƙarewa, saƙon masu saye ya nutse ban gani ba, dare ba barci. Shi ne na fita. Ashe facalata ce admin, ta yi ta yaɗawa wai na raina su. Anka yi suna a Tibiri ba wanda ya kira ni, wai ai an sa a gurup. Yanzu uwar mijina ba ta amsa gaisuwata da kyau, shi kuma ya ce in koma kawai. Ni ba raini ba ne Anti, gajiya ce, wallahi gajiya ce. In koma?

Amsa:

Ɗiyata, ba na shiga tsakanin dangi, amma facalarki ba ta kyauta ba. Tun yaushe anka daina aiko goron suna ko a ɗaga waya a kira mutum? Tibiri ba Makka ba ce.

Sai dai wata magana da kika yi a gurguje ta tsaya mini: kina turawa gaba. To ke ma kina cikin masu zuba ruwan da ke cin ki. Labarin ɓarayin nan kin tabbatar kafin ki tura? Wata tana da ɗa a can, kin hana ta cin abinci. Aya ta 6 a Suratul Hujurat bincike ta ce a yi. Su kansu masu WhatsApp tun 2019 sunka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda saboda jita-jita, mu ko sai mu tura biyar mu dawo mu ƙara biyar. Da ku nake duka masu karatu, har alhazan fada masu "a tura don Allah".

Ki dafa abinci ki kai wa surukarki da ƙafarki, ki ba ta haƙuri, ba ruwanki da facala. Ki koma gurup ɗin saboda zumunci amma ki kashe ƙararsa, ki hana bidiyo sauka da kansa, ki duba sau ɗaya bayan la'asar. Na ankon nan ki fita yau. Masu saye ki ware musu layi daban, kuma da dare wayar ta kwana a falo, in abu ya yi tsanani za a kira maigidanki.