Amsa ga mai neman hanyar koya wa abokinsa ɗan Koriya kalmar dampen

Ɗan'uwa, ka ce abokinka ya kasa yarda cewa dampen tana nufin jiƙa abu sama-sama, kuma tana nufin rage ƙarfin abu. Tambayar nan ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, domin a kan wannan kalma aka taɓa ci mini mutunci a wata ƙungiyar musayar harshe a Seoul.

Na rubuta a allo cewa the rain dampened our spirits, na bayyana musu cewa ruwan sama ne ya sanyaya mana gwiwa. Sai jagoran ƙungiyar ya miƙe a gaban kowa ya ce kalmar ta ruwa ce kawai, shi ya ci maki mai yawa a jarrabawar Turanci ta TOEIC, kuma Turancin ɗan Afirka ba abin dogaro ba ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kowa yana riƙe da waya mai ƙamus ɗin Naver, amma babu wanda ya duba, duk suka sunkuyar da kai. Har yau idan na tuna yadda ya goge rubutuna da tafin hannunsa, raina yana ɓaci.

Ka fara wa abokin naka da damp, wato mai danshi. Ka tuna masa lokacin jangma, damunarsu ta ƙarshen Yuni zuwa Yuli, yadda riga take kwana a shanye amma da safe ka ji ta da danshi, abin da suke cewa chukchukhada. Ƙarin -en shi ne yake mayar da damp aikatau, kamar soften da weaken. Kada ya tsaya a kan kalmarsu ta jeoksida, wato jiƙa abu, kaɗai, domin ita tana iya kaiwa ga jiƙewa sharkaf.

Ma'ana ta biyu kuwa tana cikin harshensu: chanmureul kkieonda, wato watsa wa abu ruwan sanyi. Da na faɗa wa wata ɗaliba haka, nan take ta gane. Kuma don Allah kada ka yarda wani ya raina Turancinka saboda fatarka. Daga nan sai ka nuna wa abokin naka dampen demand, wato rage buƙatar kaya, a labaran tattalin arziki, ka kuma saurari lafazinsa da kyau, kada damp ta koma dump a bakinsa.